Kafin Ka Ce Wa Maigadi "Ƙyale Shi, Namu Ne"

Laccar da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a babban ɗakin taro na makaranta.



Mai girma Shugaban wannan taro, Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai da 'yan majalisarsa, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, yayyenmu da suka riga mu fita, abokan karatuna, da ƙannenmu ɗalibai da ke zaune can baya, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an bar iyali lafiya. Ina neman afuwar malamaina idan muryata ta yi rawa. Shekara goma sha biyar ke nan da barina wannan makaranta, amma har yanzu in na ga malaminmu na lissafi ya gyara zaman tabarau, sai in ji kamar za a ce in fito gaban allo.

Da Sakatare ya buga mini waya ya ce ni ne zan yi magana a bana, sai na ce masa ai akwai likitoci da lauyoyi da injiniyoyi a cikinmu. Ya ce ai su duk sun yi nasu, kuma ya ji labarin abin da ya same ni da kwamfuta, don haka gara in faɗa da bakina kafin wasu su faɗa da ƙari. To, shi ne na amsa. Maganata a yau a kan abu ɗaya ce ƙarami, wanda ake yi cikin minti guda a kwamfutar cinya, wato mutum ya umarci manhajar riga-kafi da ta daina binciken wata manhajar da ya yarda da ita. Yau da yawanmu muna da irin wannan kwamfuta a gida, daga malamin makaranta har ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, kuma abin da ke cikinta sau da yawa amanar mutane ce.

Bari in fara da abin da dukanmu muka sani. 'Yan zamaninmu za su tuna Baba maigadi na bakin ƙofa. Ranar dawowa daga hutu babu akwatin da zai wuce bai buɗe shi ba. Ya ɗaga bargo, ya girgiza gwangwanin gari, ya laluba cikin takalmi. Amma akwai mutum ɗaya da ba a taɓa bincikarsa ba, wato mai amalanken da ke kawo itace kicin. An san shi, an san ubansa, shekara da shekaru yana shigowa. Me 'yan ajinmu suka yi? Sai su tare amalanken a hanya, su taya mai ita turawa, su cusa ƙaramar rediyo ko hitar dafa ruwa a ƙarƙashin itace. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ne ya yi ta shigo mana da kayan laifi, Baba kuma yana ɗaga masa hannu. Ina ganin wasu suna sunkuyar da kai. Kada ku damu, ba zan kama suna ba. Ku riƙe wannan amalanke a zuciya, domin ita ce laccar tawa duka.

Aikin maigadin kwamfuta

Manhajar riga-kafi, wadda muka fi kira antibairos, ita ce Baba maigadi a cikin kwamfuta. Cutar kwamfuta ba sabon abu ba ce. Tun 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta wadda ake kira Brain, tana yaɗuwa ta faifan ajiya na wancan zamani. Yau duk kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10 ko Windows 11 tana zuwa da maigadinta kyauta, mai suna Microsoft Defender, wasu kuma suna sa na wasu kamfanoni, irin su Avast ko Kaspersky ko ESET. Ta hanyoyi biyu manya suke aiki. Ta farko, suna riƙe da kamannin miyagun manhajojin da aka riga aka sani, kamar yadda ake manna hoton ɓarawo a caji ofis, shi ya sa suke buƙatar sabuntawa a kai a kai. Ta biyu, suna lura da take-taken manhaja ko da ba su taɓa ganin ta ba. In suka ga abu yana ɓuya, yana taɓa wuraren da bai kamata ba, sai su kama shi su killace.

A nan ne manhajar sa ido take samun matsala. Irin waɗannan manhajoji suna da yawa. Akwai mai auna zafin kwamfuta da gudun fankarta da lafiyar batir. Akwai wadda uba ke sawa don ya san awa nawa yaro ya yi a intanet da inda ya shiga. Akwai wadda mai gyara ke sawa don ya duba kwamfutarka daga shagonsa ba sai ka je birni ba. Akwai kuma wadda ma'aikata ke sawa a kwamfutocinta. Ku duba yadda suke aiki: suna tashi da zarar an kunna kwamfuta, suna zama a ɓoye, wasu suna ɗaukar hoton abin da ke kan allo, wasu suna rubuta duk maɓallin da aka danna, wasu suna aika rahoto waje ta intanet. To, ɓarawon kalmar sirri ta banki ma abin da yake yi ke nan, babu ragi babu ƙari. Maigadi ba ya ganin zuciya, aiki yake gani. Don haka in ya cafke manhajarka ta sa ido, bai yi hauka ba.

Amma fa a yi adalci, maigadin ma yana kuskure. A watan Afrilu na 2010 kamfanin McAfee ya fitar da wata sabuntawa da ta ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin cuta, ta killace shi, kwamfutoci masu ɗimbin yawa a ofisoshi da asibitoci da makarantu suka yi ta mutuwa suna tashi. Saboda irin wannan ne aka tanadi togaciya, wato wani jeri da mai kwamfuta zai rubuta abin da ba ya so a bincika. Sai dai a fahimci abin da togaciya take nufi. Ba ta wanke manhaja daga laifi, ba ta kuma ƙara mata lafiya. Abin da kawai take yi shi ne ta ce wa maigadi ya kau da kai daga wannan wuri. Duk abin da ya shiga wurin, na kirki da na banza, ya tsira daga bincike.

Abin da ya same ni

Kamar yawancinmu, ni ɗan ƙauye ne, aiki ne ya kai ni birni. A ƙauyenmu akwai ƙungiyar manoma da ke haɗa kuɗi ta sayo takin zamani a sari kafin faɗuwar damina, a raba wa mutane bashi, su biya da kaka. Kun san yadda gonakinmu suke a wannan yanki, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Dambatta zuwa Makoɗa da Kunchi: ƙanana ne, a manne da juna, ana nome su kowace shekara babu hutu, don haka wanda bai sami taki ba ya san ba shi da amfanin kirki. Da yake ni ne ɗan bokon da ke da kwamfuta, sai aka ɗora mini riƙe lissafi. Sunan kowa, lambar wayarsa, buhu nawa ya karɓa, nawa ya biya, nawa ya rage, duk suna cikin 'yar kwamfutata ta gwanjo.

A bazarar 2024, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 da rana, kwamfutar ta fara ɗaukewa da kanta. Wani abokin aiki ya ba ni shawarar in sa manhajar da ke nuna zafinta. Na sauko da ita, amma duk lokacin da na buɗe sai antibairos ya cafke ta. Na kai wa wani mai gyara. Ya danna nan ya danna can, ya miƙo mini ya ce, "Oga, an gama, ba za ta sake damunka ba." Na biya, na yi godiya, ban tambayi abin da ya yi ba. Ashe foldar Downloads gaba ɗaya ya sa a jerin togaciya, wato wurin da duk abin da aka sauko da shi daga intanet yake fara sauka. Amalanken itace ke nan, kuma ni da kaina na biya aka hana bincikenta.

Wata biyar ban ga komai ba. Ana dab da kaka sai ƙanena ya ari kwamfutar zai yi aikin makaranta, ya sauko da wata manhaja ta sata, irin wadda ake fasa makullinta don kada a biya kuɗi. A cikinta akwai cutar nan mai garkuwa da fayiloli. Da na buɗe da safe, babu takardar da ke buɗuwa, sai wata wasiƙa da Turanci ana neman kuɗin fansa da dala. Ban biya ba, domin babu tabbacin ɓarawo zai cika alkawari.

Jama'a, ba fayilolin ne suka fi yi mini ciwo ba. Ranar da muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa za a yi lissafi, wani dattijo, sa'an mahaifina, ya ce ya biya rabin bashinsa tun watan jiya a hannuna. Na tuna ya ba ni kuɗi, amma adadin ya ɓace mini, kuma ba ni da abin nunawa. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mu da ba mu yi boko ba a ƙwaƙwalwa muke ajiya, ba ta taɓa kulle kanta ba." Aka yi dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya cece ni shi ne wani tsohon kwafi da na manta a filash, da littafin ma'aji da yake rubutawa da biro. Da su muka yi mako uku muna bi gida gida, kuma a ƙarshe na cike giɓin buhu biyu daga albashina. Abin haushi, da aka kwance kwamfutar daga baya, ƙurar hunturu ce ta toshe fanka. Da aka hure ta zafin ya tafi. Manhajar da na buɗe ƙofa dominta, tun farko ba ita ce maganin ba.

Ba ni kaɗai ba ne

Kada ku ce wannan sakacin ɗan ƙauye ne. Manyan da suka fi mu kuɗi da ilimi sun faɗa ramin. A watan Disamba na 2020 aka gano cewa masu kutse sun shiga kamfanin SolarWinds da ke jihar Texas a Amurka. Kamfanin yana yin wata manhajar sa ido mai suna Orion, wadda ma'aikatu ke amfani da ita don lura da kwamfutocinsu. Masu kutsen suka cusa mugun abu a cikin sabuntawar da kamfanin ya riƙa rarrabawa daga watan Maris zuwa Yuni na wannan shekarar, ɗauke da hatimin kamfanin na gaskiya. Abokan ciniki wajen 18,000 ne suka sauko da ita, kuma ma'aikatar kuɗi da ta ciniki ta Amurka suna cikin waɗanda aka kutsa wa. A Afrilun 2021 gwamnatin Amurka ta ɗora laifin a kan hukumar leƙen asirin Rasha ta ƙasashen waje. Bayan abin ya fito fili sai aka lura cewa kamfanin da ma yana ba abokan cinikinsa shawarar su toge wasu foldodin Orion daga binciken antibairos. Ba dole ne a ce da an bincika za a kama ba, domin ɓarayin ƙwararru ne. Amma wurin da aka hana maigadi leƙawa, ko zarafin gwadawa bai samu ba.

Na biyu ya fi wannan fitowa fili. Ranar 2 ga Yuli 2021 wasu 'yan fashin intanet da ake kira REvil suka bi ta wata kafa a manhajar VSA ta kamfanin Kaseya, wadda masu gyara ke amfani da ita don lura da kwamfutocin jama'a daga nesa. Suka ajiye cutarsu a cikin foldar aikin manhajar, wadda kamfanin ya ce a toge ta daga bincike. Wuraren kasuwanci har kusan 1,500 abin ya shafa. A ƙasar Suwidin kamfanin kantuna na Coop ya rufe shaguna wajen 800 saboda na'urorin karɓar kuɗi sun daina aiki, 'yan fashin kuma suka nemi dala miliyan 70. Ɓarawo ya san inda aka ce kada a duba, can yake nufa.

Na uku ya fi kusa da irin kwamfutocinmu. A watan Maris na 2025 Microsoft Defender ya fara kama wani ɗan fayil mai suna WinRing0, wanda manhajojin auna zafi da sarrafa fanka, irin su Fan Control da LibreHardwareMonitor, suke dogaro da shi. Mutane da yawa suka ce ƙarar ƙarya ce, suka garzaya suka toge shi. Masu waɗannan manhajoji mutanen kirki ne, ba su yi nufin cutar da kowa ba. Amma fayil ɗin yana da kafar da aka sani tun 2020, wadda muguwar manhaja za ta iya bi ta kai har cikin ƙuryar kwamfuta. Daga baya masu Fan Control suka sauya shi da wani. Wanda ya yi haƙuri ya sabunta ya huta, wanda kuwa ya toge ya manta, ƙila har yau kafarsa a buɗe take. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To, yaya za a yi?

Ba cewa nake kada a taɓa yin togaciya ba. Wani lokaci dole ce. Amma mu 'ya'yan manoma ne, mun san burtali. Iyayenmu ba su hana shanu wucewa ba, ba su kuma buɗe musu gonaki ba. Sun ware musu hanya siririya, suka dasa shinge dama da hagu, kowace shekara kuma kafin shuka ana zagawa a toshe inda ya ɓalle. Haka ya kamata togaciya ta zama. Ga abubuwa bakwai da na koya, na biya kuɗin makarantarsu da buhu biyu na taki, ku kuwa ku karɓa kyauta.

Na ɗaya, ka tambayi kanka ko kana bukatar manhajar. Windows tana da Task Manager da ke nuna abin da ke cin ƙarfin kwamfuta, tana kuma da Microsoft Family Safety don iyakance wa yara lokaci da wuraren shiga. Waɗannan ba sa faɗa da maigadi. In zafi ne, a fara hure ƙura, a daina ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma.

Na biyu, ka san daga ina ta fito. Daga shafin kamfanin da ya yi ta, ko daga Microsoft Store, shi ke nan. Wadda aka turo ta WhatsApp, ko aka kwafo a filash daga shagon buga takardu, ko aka fasa makullinta, ba a yi mata togaciya ko da wa ya kawo ta. Duk manhajar satar da ta ce sai ka kashe antibairos kafin ka sa ta, ta riga ta gaya maka ko ita wace ce.

Na uku, ka duba hatimi. Ka danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka nemi Digital Signatures, ka ga ko sunan da ke wurin shi ne na kamfanin. In babu hatimi, ka yi taka-tsantsan. In akwai, ka tuna da SolarWinds, kada ka saki jiki gaba ɗaya.

Na huɗu, ka nemi shaida ta biyu. Akwai shafin VirusTotal, mallakar Google tun 2012, inda ake ɗora fayil antibairos kusan 70 su duba shi lokaci guda. In ɗaya ko biyu ne suka yi ƙorafi, yana iya zama kuskure. In sun yi yawa, ka bar shi. Amma manhaja kawai ake ɗorawa a can. Kada ka ɗora takardar ofis ko ta mutane, domin abin da aka ɗora masu bincike da yawa suna iya ganin sa.

Na biyar, ka sabunta antibairos da manhajar duka biyu, ka jira kwana biyu ko uku. Sau da yawa kuskuren gaske ana gyara shi ba tare da ka taɓa komai ba.

Na shida, in ya zama dole, ka yi burtalin siriri. A Windows ana shiga Windows Security, sai Virus & threat protection, sai Manage settings, a gangara ƙasa zuwa Exclusions. Zaɓi huɗu ne a wurin. Na fayil ɗaya shi ne mafi ƙunci, shi za ka ɗauka. Na folda yana haɗawa da duk foldodin da ke cikinta da duk abin da za a zuba nan gaba. Na nau'in fayil ya fi haɗari, domin wanda ya toge exe ya toge kusan kowace manhaja a duniya. Na huɗu, na manhaja mai gudana, yana sa a daina lura da fayilolin da ita take buɗewa. Fayil ɗin ya kasance a cikin Program Files, inda ba a iya sauya komai sai da izinin mai kula da kwamfuta. Kamfanin Microsoft da kansa ya yi gargaɗin kada a toge faifan C gaba ɗaya, ko foldar Temp, ko foldar Users, wadda Downloads take cikinta.

Na bakwai, ka rubuta ka kuma riƙa zagawa. A littafi, da biro: ranar kaza na toge fayil kaza saboda dalili kaza. Duk wata uku ka buɗe jerin ka duba. Cire manhaja daga kwamfuta ba ya nufin togaciyar da ka sa da hannunka ta tafi, sai ka share ta. In kuwa ka ga abin da ba kai ka sa ba, to akwai matsala, domin wasu cututtukan su da kansu suke rubuta sunansu a jerin. Wadda aka kai wa ma'aikatun gwamnatin Yukren hari da ita a Janairun 2022, mai suna WhisperGate, faifan C gaba ɗaya take togewa kafin ta fara ɓarna. Duk lokacin da kwamfutarka ta dawo daga wajen gyara, wannan jeri ne farkon abin dubawa. Kuma kada ka ji kunyar tambayar mai gyara, "Me ka taɓa?" Kuɗinka ne, amanarka ce.

A kan waɗannan bakwai ɗin akwai wanda ya fi su duka, wato ajiye kwafi. Duk ƙarshen mako ka kwafe muhimman takardu a filash ko faifan waje, ka zare shi ka ajiye daban, domin wanda aka bari a maƙale cutar tana kulle shi tare. Lissafin kuɗin mutane kuwa a buga shi a takarda, ma'aji ya riƙe nasa.

Wa kake sa wa ido?

Akwai wani ɓangare da ba zan tsallake ba. Kwamfutarka ce, zafinta kake aunawa, babu laifi. Ƙaramin yaronka ne, ka gaya masa ana lura da shi, wannan tarbiyya ce. Amma mutum ya ɗauki kwamfutar matarsa ko wayarta, ko ta abokin aiki, ya sa manhajar leƙe a ɓoye, sannan ya toge ta don kada antibairos ya tona masa asiri, wannan ba sa ido ba ne, leƙen asiri ne, kuma malamanmu na addini sun koya mana hukuncinsa a wannan ɗaki. Dokar ƙasa ma ba ta ƙyale ba. Dokar hana laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ko tare saƙonninsa ba da izini ba. A irin wannan hali ihun da antibairos ke yi daidai ne, aikinsa yake yi. Ga 'yan'uwanmu mata da ke nan, in kika ga gargaɗi a na'urarki, aka ce miki "ƙyale shi, ba komai", kina da haƙƙin ki nemi wanda kika yarda da shi ya duba miki.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawanmu da kwamfutar kanmu muke aikin ofis: jerin albashi, sunayen manoma, sakamakon jarrabawa, bayanan marasa lafiya. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ɗora wa masu riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. In kuwa kwamfutar ta ofis ce, togaciya ba hurumin ka ba ce, ka kai wa sashen da ke kula da ita, a yi a rubuce.

A ƙarshe ina da roƙo biyu. Na farko ga kowa: yau da daddare, bayan an ci tuwo, ka buɗe kwamfutarka ka leƙa wannan jeri. Minti biyu ne. In ka ga abin da ba ka gane ba, ka neme ni ta hannun Sakatare mu duba tare. Na biyu ga Shugaban Ƙungiya: a ware rana ɗaya a zangon karatu mai zuwa, waɗanda suka iya a cikinmu su zo mu duba kwamfutocin makaranta da na malamanmu, mu hure ƙura, mu share togaciyar da ba ta da dalili, mu nuna wa ƙannenmu yadda ake yi. Ni zan fara rubuta sunana. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa, nawa kuwa kun ga yadda ya ƙone.

Ina godiya ga malamanmu da suka yi haƙuri da mu muna yara, har da zancen amalanke. Waɗanda suka rasu daga cikinsu da cikin abokan karatunmu, Allah Ya jiƙansu da rahama. Masu rai Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Allah Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya ba mu damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.